Shafe da ɗure: yadda gara ta cinye dandamalin katakon kawuna a Arkilla

Ranar sunan jikar kawuna abin ya faru, da hantsi, an shafa fatiha ana rabon goro da dabino. Wani dattijo maƙwabci ya miƙe zai sa takalmi, sai ƙafarsa ta dama ta burma cikin katako har gwiwa. Mutane suka zabura lokaci guda za su kama shi, nauyi ya taru a gefe ɗaya, nan take ɓangaren da ke manne da bangon falo ya zame ya yi ƙasa. Butoci da farantai suka gangara, yara suka sa kuka. Allah ya taƙaita, don tsayin dandamalin daga ƙasa santimita 60 ne kawai. Dattijon ya tsira da gurjewa a ƙwauri da yagar wata ƙusa mai tsatsa, aka kai shi asibiti aka wanke aka yi masa allura. Sauran bikin a kan tabarmi aka ƙarasa shi.

Damina uku kacal dandamalin nan ya gani. Ni na kwance shi katako-katako bayan mako guda, ni kuma na tsaya kan gina wanda ya gaje shi, sannan da hannuna dumu-dumu a cikin ɗaya daga kurakuran da suka kashe na farkon. Sana'ata duba ƙananan gine-gine ce a cikin garin Sakkwato. Bulo da rodi da siminti na sani, katako kuwa wannan aikin ne ya zaunar da ni na koye shi.

Daga hoto zuwa tsakar gida

Babban ɗan kawu a Amurka yake zaune. Wata rana ya turo hoton bayan gidan da yake haya: dandamalin katako a bakin ƙofar baya, kujeru a kai, ciyawa kore shar a kewaye. Kawu ya gani ya ƙyasa, kuma ba don ado kaɗai ba. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san halin daɓen siminti. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, siminti wuni yake yana shan rana, da dare ya dinga amayar da ita, ka shimfiɗa tabarma ƙarfe sha ɗaya ka ji kamar a kan tanda ka kwanta. Katako ba ya riƙon zafi haka. Rana na faɗuwa yake hucewa, in an ɗaga shi kuma iska na ratsawa ta ƙarƙashi. Wurin hira da kwanan waje kawu yake so, kuma a kan wannan lissafinsa bai ɓaci ba.

An ɗan sha dariya da farko. Ya kira magini ya ce dek yake so, magini ya dawo da lissafin rodi da tsakuwa, domin a bakinmu dekin rufin kankare ne. Sai da aka nuna masa hoton ya ce ai wannan aikin kafinta ne.

Kafintan da aka samo gwani ne a rufi da ƙofofi da gadaje, sai dai bai taɓa haɗa abin da zai zauna a fili rana ta dake shi ruwa ya dake shi ba. Filin da ya rage a gidan yamma da falo yake, mita 5 a tsaye, mita 4 a kwance, ba ko ƙyallin inuwa. Ɗan ya jaddada a waya cewa lallai a nemi katakon da aka sa wa magani, ya faɗi sunansa da Turanci, kawu ya riƙe kalma ɗaya, tiritet, da ita ya tafi 'yan katako. Mai shago ya nuna masa tarin tu-bai-fo baƙi wuluk yana ƙyalli, ya ce, "Alhaji, wanga tiritet na, gara ko kusa da shi ba ta zuwa." Ba na zargin mutumin da niyyar cuta. A kasuwarmu duk katakon da aka shafa wa baƙin magani sunansa ke nan, mai sayarwa da mai saye iyakar saninsu ɗaya.

A ƙarshe itace iri huɗu ya shiga aikin, abin da daga baya ya zame mini kamar gwajin da aka shirya da gangan. Ƙafafu shida daga turken falwaya guda ɗaya aka yanko su, irin mai launin kore-kore, wanda kafinta ya samo wurin masu sayar da kayan wuta. Huɗu an dasa su cikin kankare, biyu kuma siminti ya ƙare aka turbuɗe su a ƙasa tsurarta. Ƙashin dandamalin, wato gwafannin da ke kwance a ƙarƙashi suna ɗaukar nauyi, da baƙin tu-bai-fo ɗin nan aka yi, tazarar santimita 75 tsakanin kowanne. Shimfiɗar sama farin katako ne mai faɗin inci 12, an shafe shi da baƙin mai da kananzir da ɗan maganin ƙwari, haɗin da kafintoci suka saba yi wa katakon rufi. Na huɗun bai ma shiga lissafi ba: wata tsohuwar azarar giginya da aka ciro daga rusasshen soron gidan gado a cikin gari, aka yar a ƙasa a matsayin matakala. Gefen da ke jikin falo ba a yi masa ƙafafu ba, katako ɗaya aka kwantar a bango aka buga da ƙusar kankare, sauran suka rataya a kansa. A watan Agusta aka sayi kayan, a watan aka gama.

Alamun da aka gani aka kau da kai

Hunturun farko ne ya fara tona asiri. Katakan da aka jera manne da juna suka ja da baya, har yatsan babba ke shiga tsakaninsu. Wasu suka lanƙwashe kamar kwami, wasu suka tsage daga baki, kawunan ƙusoshi suka leƙo suna kamun bakin zane da tafin yara. Kafinta ya zo ya bi su da hama ya mayar, bayan wata guda suka sake fitowa.

Dalili a fili yake ga wanda ya san halin itace. Katako kamar soso ne, kullum yana daidaita ruwan jikinsa da laimar iskar da ke kewaye da shi. Inda laima ta kai kashi 80 cikin 100, ruwan jikin busasshen katako kan tsaya wajen kashi 16. Inda ta sauka kashi 20, kamar yadda take yi mana a tsakiyar hunturu har ma ƙasa da haka, ruwan kan koma ƙasa da kashi 5. Katakon da muke saye daga dazuzzukan kudu yake zuwa, sau da yawa ɗanye, a tirela, a tsakiyar damina. Yana bushewa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Allo mai faɗin inci 12 zai iya rasa santimita guda ko fiye. In an danne gefensa biyu da ƙusa, ko dai ya tsage ko ya tumɓuke ƙusar, ba na uku.

Bazara ta zo da nata. Baƙin launi ya sha ranar la'asar, wurin ya zama ba ya takuwa ba takalmi sai bayan isha, man kuma ya narke ya fito yana bin tabarma da fararen riguna. Inna, matar kawu, ta yi mita har ta gaji.

Ga inda na shigo. Wata rana aka kashe kunama biyu a ƙarƙashin dandamalin, sannan mage ta haihu a wurin. Kawu ya tambaye ni dabara, na ce a rufe gefunan da katako har ƙasa. Aka rufe, wuri ya yi tsaf, kowa ya yaba. Ban lura ba cewa bututun na'urar sanyaya falo a nan ƙarƙashi yake ɗiga dare da rana duk lokacin da akwai wuta. Ban yi tunanin cewa a bakin dandamalin mutanen gida da baƙi suke alwala sau biyar a wuni ba. Ban kuma leƙa na ga guntayen katako da diddigar zarto da kafinta ya share ya tura ciki ranar da ya gama aiki ba. Na haɗa wa gara duhu da laima da abinci a ɗaki ɗaya, na ja mata ƙofa.

A damina ta uku kaka, mahaifiyar kawu, ta ce tana jin wani ƙas-ƙas da dare in ta zauna a wurin. Aka ce tsufa ne.

Abin da na tarar

Da na ɓalle allon farko, ƙasan duk hanyoyin gara ne, bututun jar ƙasa sun hau kowane abu kamar jijiyoyi. Irin garar nan a cikin ƙasa take zaune, ba ta jure busasshiyar iska ko haske, shi ya sa take gina rufaffiyar hanya duk inda za ta. Cikin gwafanni bakwai, biyar na iya tura sukundireba ta ratsa su da hannu ɗaya. Daga waje lafiyarsu ƙalau, baƙi sumul, kyan ɗan maciji. Na sa zarto na yanka ɗaya biyu, na kira kawu ya gani. Baƙin bai wuce kaurin farce ba, milimita ɗaya zuwa biyu, ciki kuwa fari fat inda ya saura, sauran ƙasa ce gara ta cusa. Ba ta ma wahalar da kanta da fatar ba. Ta bakin da zarto ya yanka ta shiga, da tsagar da hunturu ya buɗe mata, da ramin ƙusa.

Ƙafafun falwaya su suka fi ba ni mamaki. Huɗun da ke cikin kankare garau suke. Biyun da aka turbuɗe a ƙasa, da na ƙwanƙwasa sai suka amsa kamar ganga. Na tono su na duba: zoben waje mai kaurin yatsa biyu, kore, da ƙarfinsa, ko cizo ɗaya babu, amma tsakiyar an rarake ta tun daga ƙasa har sama, sun zama bututu. Azarar giginya kuwa, wadda ta shekara uku kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar rundunar, gara ta bi ta kanta ta wuce, ta ɗan lashi ɓangaren cikinta mai taushi ta bari.

Katakon jikin bango shi ya sa abin ya zama rushewa maimakon ɓurmawar allo ɗaya. Bulonmu mai rami ne, ƙusar kankare ba abin da ta kama sai fatar bulo da filasta. Ruwan indararo yana gangarowa ya kwanta tsakanin katakon da bango, ba ya bushewa, wurin ya ruɓe, ƙusoshin suka yi tsatsa suka sirance. Ruɓa ba ta kama katako sai ruwan jikinsa ya daɗe sama da kashi 20, abin da ba kasafai yake faruwa a garin da ruwansa na shekara ke tsakanin milimita 600 da 700 ba, sai a irin wannan lungu da ruwa ke samun wurin kwana. A ƙasashen da suka saba da wannan gini ma, mahaɗar bango ce wurin da aka fi tsoro. A Yunin 2015 wata baranda ta ɓalle daga wani bene a Bakili ta jihar Kalifoniya, matasa shida suka mutu, yawancinsu ɗalibai 'yan Ailan, bincike ya nuna ruwa ne ya shiga ya ruɓar da katakan da ke riƙe da ita. Namu santimita 60 ne. Na san gidaje a garin nan da ake maganar yin irinsa a saman bene.

Na nuna wa kafinta duk wannan. Ya daɗe yana juya guntun a hannu, ya dubi kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, ni abin da anka ba ni shi nib buga." Gaskiyarsa, rabi.

Shafe daban, ɗure daban

Abin da ɗan kawu yake nufi a waya shi ne katakon da aka tura wa magani cikin jikinsa da ƙarfin inji. Ni na raɗa masa katakon ɗure, don kamar ɗuren da ake yi wa yaro ne, yana so ba ya so sai ya haɗiye. Ana fara busar da katakon, domin jiƙaƙƙe ba shi da gurbin da magani zai zauna. A loda shi a tura cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kama da tankin dakon mai, a rufe ruf. A zuƙe iskar ciki har da wadda ke cikin ƙofofin itacen. A cika tukunyar da ruwan magani, a matsa shi da ƙarfin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau biyar ko shida, a bar shi ya sha. Sannan a tsiyaye, a sake zuƙe rarar. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani ɗan Ingila mai suna John Bethell ya yi mata rajista tun 1838, da baƙin man kwal mai warin nan da ake ji a jikin tsofaffin katakan layin dogo. Mai launin kore kuwa wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa shi a 1933, ana kiransa CCA: jan ƙarfe don kashe ruɓa, asanik don kashe ƙwari, sai kuromiyom da ke ɗaure su a jikin itacen kada ruwa ya wanke.

Ko ɗuren ma yana da iyaka, kuma ita ce na gani a ƙafafun nan biyu. Farin gefen itace shi ke shan magani, zuciyar a yawancin itatuwa toshe take, inji bai iya ratsa ta. Muddin turken yana yadda ya fito daga tukunya, zoben magani ya kewaye shi, bakinsa biyu ma sun sha. Ranar da ka sa zarto ka buɗe zuciyar, ka kuma dasa wannan bakin a ƙasa, ka ba gara ƙofar da ba mai gadi. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a gama yanka da huda kafin ɗure, in kuma dole ta sa an yanka daga baya a cika bakin da magani, kada kuma ya taɓa ƙasa. Ba kuma kowane ɗure ne ɗaya ba. A Afirka ta Kudu, misali, tambari ake bugawa a jikin katakon: H2 na cikin ɗaki, H3 na waje amma sama da ƙasa, H4 na dasawa a ƙasa, har zuwa H6 na ruwan teku.

Akwai kuma abin da hoton bai nuna ba. Tun ƙarshen 2003 aka daina sa CCA a katakon gidaje da wuraren wasan yara a Amurka saboda asanik guba ce, aka bar shi ga turakun wuta da ayyukan masana'antu. Wanda ya maye gurbinsa, irin su ACQ, jan ƙarfensa ya fi yawa, kuma yana cin ƙusa ta gama-gari da sauri, sai an sa galbanaiz mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Sannan a yawancin garuruwansu ruwa da ƙanƙara ne manyan abokan gaba, tsarin ginin nasu a kan haka aka yi shi. Mu namu gara ce da rana da bushewar hunturu. Mun kwafi surar, muka bar tambayar da ta haifi surar.

Ina cikin wannan dogon bayani a tsakar gida, kaka ta katse ni. Tsakanina da ita wasa ne, ba ta raga mini. "Kai maigidan, duk bokon ga naka ba ka taɓa ganin ruhewa ba? Wa ka aza ta bisa ƙasa? Bisa duwatsu a ka aza ta, kaji na shiga ƙarƙashi suna tsince gara, mai ita na duƙawa shi duba." Rumbun hatsi take nufi. Aka yi dariya, ni ban yi ba, don tsarin sabon dandamalin gaba ɗaya ta ba ni a numfashi ɗaya.

Sabon gini

Na so kawu ya haƙura da katako a yi dakalin siminti a sa tayil, a huta. Ya ce, "Injiniya, in siminti nika so, da tun farko ban kira kafinta ba." Ƙarfe zalla kuwa ko magana ba a yi ba, kasko zai zama. Aka tsaya a kan katako, da sharaɗin cewa wannan karon ni zan ce a yi ko a bari, kuma ba za a yi gaggawa ba.

Da ƙasa muka fara. Da aka kwashe tarkacen muka bi hanyoyin gara har zuwa kututturen wani dogon yaro da aka sare lokacin ginin gidan aka bar saiwarsa a binne, taku kaɗan daga wurin. Aka tone shi, masu feshi suka jiƙa ƙasar da magani, aka daidaita ta yadda ruwa zai gangara waje, aka zuba tsakuwa. Bututun na'urar sanyi aka ƙara masa tsawo zuwa gindin lemun tsami. Aka gina wurin alwala na siminti da magudanarsa a ɗaya gefen tsakar gida. Waɗannan ƙananan ayyukan ba su ci kuɗin kirki ba, amma a ganina sun fi duk maganin da aka saya amfani.

Ƙafafu tara muka zuba na kankare, kowace ta fito santimita 45 sama da ƙasa, an shafe ta sumul an yi mata farin fenti don jar hanyar gara ta fito ɓaro-ɓaro in ta hau. A kan kowace akwai farantin ƙarfe da ya ɗan zarce ta ko'ina. Farantin ba ya hana gara, tilasta mata yake ta zagayo ta fili inda ido zai gan ta. Babu katako ko ɗaya da ya taɓa ƙasa, babu wanda ya taɓa bango. Dandamalin a kan ƙafafunsa yake tsaye, da ratar santimita 5 tsakaninsa da falo. Gefuna a buɗe, sai ragar waya a firam da ake cirewa da hannu saboda mage.

Gwafannin ƙasa su ne muka yi wa ɗure na gaskiya. Ɗan kawu ya biya, aka yi magana da wata masana'anta a kudu da ke ɗura wa turakun wuta magani, muka aika awo, aka yanka tu-bai-sikis aka huda ramukan noti kafin a sa a tukunya. Na ce a ƙaro guda biyu na gwaji. Da kaya suka iso na yanka su a tsakiya a gaban direba, kore ya ratsa farin gefen gaba ɗaya, sannan na sa hannu a takarda. Wannan yankan na minti biyu, da an yi shi a shagon farko, da ba a kai ga asibiti ba. Tazarar gwafanni ta koma santimita 40, haɗinsu da noti galbanaiz da washa, ba ƙusa ba.

Shimfiɗar sama kuwa na ƙi yarda a sa mai maganin kore. Nan yara ke rarrafe, nan ake ajiye kwanon tuwo, nan ake kwana. Ƙawo muka saya, wanda 'yan katako ke kira afa, itace mai nauyi da zuciyarsa ke gagarar gara ba tare da magani ba, kuma ba ya yawan motsi tsakanin rani da damina. Tsadarsa ta sa kawu salati. Na zauna a shagon wuni guda ina ware duk allon da ke da farin gefe, don farin gefen ƙawo abincin gara ne kamar kowane. Aka tsaga shi faɗin santimita 10 maimakon 30, aka jera a inuwar gareji da 'yan sanduna tsakanin kowane layi, aka shafe bakunan da fenti kada su tsage, aka danne da bulo. Daga Nuwamba har ƙarshen Fabrairu yana nan yana shan hunturu. Kawu ya tambaye ni ya fi sau goma ko na manta da aikin ne.

A nan sai da na saɓa wa shawarar da ɗansa ya turo. A can, in katakon ɗure ya zo jiƙe, manne shi ake yi don zai tsuke ya buɗe rata da kansa. Namu a Maris muka shimfiɗa shi, a ƙarshen bushewarsa, abin da ke gabansa kumburi ne in Agusta ta zo. Don haka muka bar rata da gangan, kaurin ƙusa 'yar inci 4 tsakanin kowane allo. Ƙawo ba ya karɓar ƙusa, lanƙwasa ta yake ko ya tsage, sai da aka huda kowane rami da injin huji aka ɗaure da sukuru marar tsatsa, biyu a kan kowane gwafa. Kafintan nan dai shi ya yi aikin, na ƙi a canza shi, hannunsa mai kyau ne. Ya karya bakin huji har huɗu yana tsaki. Daga ƙarshe aka kafa rumfar kwano a kan ƙafafun ƙarfe, aka ɗaga ta sosai don zafin kwanon kada ya sauko, aka rataya asabari ta yamma. Mai marar duhu ake shafa wa allunan sau ɗaya a shekara, bayan hunturu.

Rigimar da ban zata ba ita ce ta tsohon katakon. Tun kafin mu gama kwancewa mai ƙosan bakin layi ta aiko a ba ta na wuta, Inna ma ta sa an ware mata na dahuwar ruwan zafi. Na ce ko tsinke ba zai shiga murhu ba. Mai baƙin mai da maganin ƙwari hayaƙinsa kaɗai ya isa cuta. Na falwaya ya fi muni: wuta ba ta kashe asanik, wani ya bi hayaƙi, sauran ya taru a toka. Ga tumaki a gidan da ba sa ganin toka su ƙyale, ga mata da ke tace toka su zuba a miya. Inna ta ce, "To ɗana, itace har ya zama abin tsoro?" Sai da na ce mata maganin ɓera ne aka ɗura masa ta yarda. Baƙaƙen muka farfasa, aka kai juji aka binne ina tsaye. Ƙafafu huɗu masu lafiya sun zama turakun shingen bayan gareji, nesa da kicin da turken dabbobi.

Yanzu sabon ya ga hunturu biyu da damina biyu. Alluna uku sun yi 'yar tsaga a baki, ɗaya ya ɗan murɗe na canza shi. Ratar tana matsewa a Agusta ta buɗe a Janairu kamar yadda aka zata. Duk ranar Juma'ar farkon wata wani jikan kawu ɗan aji biyar yake cire ragar ya shiga da tocila ya duba ƙafafu tara, ladansa kuɗin alewa. A daminar da ta wuce ya fito da gudu ya ce ya ga jan zare a ƙafa ta uku daga bango. Na je na tarar hanyar gara ce, ta hau kamar rabin taƙi, ba ta kai farantin ba. Na kankare ta, na bi sawunta zuwa wani kwali da iska ta cusa ƙarƙashi ya jiƙe, na cire, na zuba magani a gindin.

Rarakakkun ƙafafun nan biyu kuwa suna nan a saman rufin gareji, ɗaure da waya. Juji nake tsoron kai su, don na san kafin magariba wani zai tsince su ya kai murhu.